Farantin da Bai Cinye Ba

Kakar Auta ta wajen uba ce ta fara wannan abu, shekara hamsin da biyu kafin ranar da za a ba da labarinta. Wani malamin makaranta ya zo neman 'yarta ta fari, ta zuba masa abinci da hannunta, ya ci rabi ya ture farantin. Sai da ya fita ta dubi mijinta ta ce, "Wannan ba zai auri 'yata ba. Yau abincina ya bari, gobe 'yata zai bari."

Tun daga ranar abin ya zama doka a gidan. Duk mai neman aure sai ya zauna a falo, a ajiye masa farantin tangaran mai shuɗin baki, ya cinye tas. Maza goma sha ɗaya suka zauna a gabansa. Tara suka cinye, aka ba su mata. Biyu suka rage, aka sallame su. Ba a taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba.

Na goma sha biyu shi ne Mai Agogo.

Auta tana tsaye a bayan labule, ta damƙe gefensa har yatsunta sun yi sanyi, tana ƙirga masa cokali.

Ɗaya...

Biyu...

Ita tela ce, shagonta yana kallon rumfarsa ta gyaran agogo, titi ne kawai a tsakaninsu. Shekara biyu suna soyayya, kuma rigar da ke jikinsa a ranar ita ta ɗinka. Da ta auna shi watanni uku baya, ƙugunsa inci talatin da huɗu ne, haka ta rubuta a littafin awo. Amma ranar da ya zo gwada kayan sai wandon ya yi masa yawa.

"Wai ina kake kai abincin da kake ci?" ta tambaye shi a lokacin.

"Sonki ne ke cinye ni, Telata."

"Ka ji shi! To ka rage son, kada a ce ban iya awo ba."

Dariya suka yi, maganar ta wuce.

Ko da safiyar ranar farantin ma sai da ta tsallaka ta ja masa kunne. "Masoyina, don Allah ko ƙwayar shinkafa kada ka bari. Inna tun asuba take kicin, ga ciwon hannu."

"Kwantar da hankalinki. Tun jiya da rana ban sa komai a bakina ba, wuri nake tara wa girkin Inna."

Biyar...

Shida...

A cokali na bakwai hannunsa ya tsaya. Gumi ya keto masa a goshi. Ya kai cokalin baki da ƙyar, ya haɗiye kamar mai haɗiyar tsakuwa. Baba yana zaune a kujerarsa yana kallo. A gefe kuma ga ɗan baffan Auta, mai kantin magani a ƙarshen layinsu, wanda kowa ke kira Mai Kemis. Shi dangi suka so wa Auta tun farko, ita kuwa ta ce ba ta ganinsa sai a matsayin yaya.

"Ci mana, ɗana," in ji Baba. "Ko bai yi maka ba ne?"

"Ya yi, Baba... wallahi ya yi daɗi..."

Ya ɗebo na takwas. Bai kai shi baki ba ya miƙe zumbur, ya toshe baki, ya yi bayan gida da gudu.

Mai Kemis ya ɗauki buta ya bi shi. Da ya dawo, sai ya tsaya yana sosa ƙeya kamar wanda maganar ta yi wa nauyi.

"Baffa, ban so in faɗa ba..."

"Faɗi!"

"Yatsa ya zura a maƙogwaro, da gangan ya fitar. Da na tambaye shi, cewa ya yi an gargaɗe shi da cin abincin gidan nan. Wai kada a zuba masa wani abu a mallake shi."

Inna ta fito daga kicin, hannunta jiƙe. Ta dubi farantin, shinkafa da nama kusan yadda ta zuba su. Muryarta ta yi ƙasa ƙwarai.

"Ni? Ni zan zuba wa ɗan mutane wani abu?"

Ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta ɗauki farantin ta koma ciki, wannan kuwa ya fi kuka ƙona zuciyar Auta.

A bakin ƙofa Auta ta tare Mai Agogo. Fuskarsa ta yi fari fat, gaban rigar da ta ɗinka ya jiƙe da ruwa.

"Telata, ki saurare ni..."

"Kada ka ƙara kira na da wannan sunan!"

"Cikina ne. Wata huɗu ke nan, loma kaɗan sai in ji kamar na haɗiyi dutse. In na matsa sai ya dawo. Na sha maganin olsa har na gaji..."

"Wata huɗu? Kullum ina ganinka, ba ka taɓa faɗa min ba, sai yau da ka tozarta uwata?"

"Tsoro na ji. Na ce idan aka ji ba ni da lafiya za a hana ni ke."

"To yanzu an ba ka!"

"Zuciyata, wallahi ban faɗi abin da..."

"Tafi! Ka je gidan da ka yarda da tukunyarsu!"

Ta rufe ƙofa. Ta daɗe tana jin tsayuwarsa a waje kafin takunsa ya yi nisa.

Washegari ta juya keken ɗinkinta ya kalli bango, ta rataye labule mai kauri a ƙofar shago. Ya kira wayarta, ta toshe lambar. Bayan makonni kaɗan rumfarsa ta daina buɗewa, ƙura ta rufe gilashin da yake jera agogo.

Wata na biyar, yayarsa ta shigo shagon da wanduna uku a leda. Mace ce mai nutsuwa, ba ta zo da faɗa ba.

"Ƙanwata, ki rage masa waɗannan. Na sa alama da alli."

"Yaya, teloli sun ƙare ne a garin?"

"Ba su ƙare ba. Ke kika san awonsa."

Da ta fita, Auta ta shimfiɗa tef a kan alamar. Ashirin da tara. Ta sake aunawa, ko hannunta ne ya yi kuskure. Ashirin da tara dai. Ta buɗe littafi ta rubuta a ƙarƙashin talatin da huɗu, hawaye ya ɗiga a kan lambar. Ta rage wandunan da kanta, ta yi niyyar zuwa dubiya a ƙarshen mako.

A cikin makon Inna ta kwanta ciwo. Ƙarshen mako ya zama ƙarshen wata, wata ya zama watanni.

Ranar da ta sake ganinsa, tana kantin Mai Kemis ne tana karɓar maganin Inna. Ta waiga ta hango rumfar a buɗe. Da ƙyar ta gane shi. Kumatu sun cika, fuska ta zama zagaye, wuya ya yi kauri.

Mai Kemis ya bi idonta da kallo, ya yi murmushi.

"Kin ga mutumin naki? Mai ciwon ciki ke nan. Ya samu gidan da yake cin abincinsu, har ya fi ni ƙiba."

"Amma Yaya, ya rame sosai kwanaki..."

"Ramar borin kunya ce. Yanzu hankali ya kwanta, wata na ciyar da shi. Ke kuma kina nan kina ɓata idonki."

Auta ta kau da kai daga rumfar. Ita tana can tana kuka a kan wandonsa, ashe shi yana can yana tara kumatu!

Bayan kwana uku yayarsa ta kawo ambulan. A bayansa an rubuta da hannunsa: Zuwa ga Inna.

"Ya ce a ba ta hannu da hannu."

"Inna ba ta da lafiya. Ba zan bari a tayar mata da tsohon miki ba."

"Ki dai ba ta, ƙanwata. Ko ki karanta mata."

Auta ta karɓa. Ta ja aljihun keken ɗinki, ta cusa ambulan ƙarƙashin zare da allurai, ta tura ta rufe.

Wata bakwai Inna ta ƙara a duniya. Wata la'asar, Auta tana shafa mata mai a hannu, sai ta ce, "Auta, har yanzu ina tunanin yaron nan."

"Inna, ki manta da shi."

"Ba fushi nake ba. Tambayar kaina nake, me ya gani a fuskata da ya zaci zan cuce shi? Na so shi fa. Da kaina na zaɓar masa tsokar da ta fi laushi..."

"Inna, sha maganinki."

Ba ta kai mako biyu ba ta rasu. Mai Agogo ya zo gaisuwa, ya durƙusa daga nesa, idanunsa jajur. Auta ba ta ɗaga kai ba.

Shekara ta zagayo, wata shekarar ta biyo ta. Dangi suka dawo da tsohuwar magana, Auta kuwa ta gaji da cewa a'a. Mai Kemis ya zama na goma sha uku a gaban farantin. Ya cinye, ya suɗe, har ya nemi ƙari. Aka sa rana.

Saura mako shida, wata malamar makaranta da ta daɗe tana yi wa ɗinki ta shigo da riguna a buɗa mata. Auta ta dube ta, ta kasa ɓoye mamaki.

"Malama, wannan ƙiba haka? Lallai maigida yana ji da ke."

"Wace ƙiba, 'yar nan? Ciwon gaɓoɓi ne ya sa likita ya ɗora ni a kan wani magani. Dubi fuskata kamar an hura balan-balan! Kowa sai ya ce na samu duniya, ni kuwa ko barcin kirki ba na yi." Ta ciro kwalin daga jaka. "Ga shi nan, ɗan mitsitsi da shi."

Auta ta tsura wa fuskar ido. Zagayen kumatun, kaurin wuyan... ta taɓa ganin irinsu.

"Malama, ara min kwalin nan minti biyar."

Ko mayafi ba ta gyara ba ta isa kantin Mai Kemis. Ta ajiye kwalin a gabansa.

"Yaya, wannan maganin me yake yi wa mutum?"

"Amarya da kanta! Wannan ai na kashe kumburin cikin jiki ne. Amma in an daɗe ana sha, fuska takan cika, wuya ya..."

Ya ajiye kwalin.

"Ƙarasa mana."

"Wa ya ba ki?"

"Mai Agogo yana sayensa a nan?"

"Auta, ba a faɗar sirrin masu sayen magani."

"Ranar da ka nuna min kumatunsa kana dariya, ka san da hannunka kake miƙa masa wannan?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ranar farantin kuma, ya ce an gargaɗe shi da abincin Inna, ko kai ka ƙirƙira?"

"Ina sonki, Auta... tun kina ƙarama... ba ni da wata hanya..."

"Inna ta mutu tana tambayar me ta yi masa!"

Ta juya. Ba rumfarsa ta nufa ba, shagonta ta koma. Ta ja aljihun keken, ta zubar da zare da allurai a ƙasa. Ambulan yana nan, gefensa ya sha man keke. Ta yage bakinsa. Takardar asibiti ce, da wasiƙa gajeriya.

"Inna, ina gaishe ki da girmamawa. Likitoci sun gano ciwona, ga takardar. Na rantse da Allah ban taɓa zarginki ba, ban kuma faɗi abin da aka ce na faɗa ba. Cokali bakwai na ci a hannunki, ban taɓa cin abin da ya kai su daɗi ba. Ko ba a ba ni Auta ba, ina roƙon ki yafe min. Ɗanki."

Auta ta zube a kan tarkacen yadi, ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar rasuwar.

Taku ashirin ne tsakanin shagonta da rumfarsa. Shekara uku da wata huɗu ta ɗauka kafin ta taka su.

Yana sunkuye da gilashin gyara a ido ɗaya. Kumburin fuskar ya sace, ya dawo kusan yadda ta san shi, sai furfura ƙwaya-ƙwaya a gefen kai. Ya ɗago, ya ga takardar a hannunta.

"Sai yau aka buɗe?"

"Sai yau..."

"Inna ba ta gani ba ke nan."

Ta girgiza kai. Ya cire gilashin a hankali ya ajiye. Agogunan rumfar suna ta bugawa.

"Na zaci ta karanta ne ta ƙi yafewa," in ji shi. "Da wannan nake kwana."

"Ni na ɓoye. Ni ce... Ba ta taɓa fushi da kai ba. Har ta rasu tana cewa ta so ka."

Ya juyar da fuska ya goge ido da hannun riga.

"Zauna, kada ki faɗi."

Ta zauna a bencin masu jira. "Faɗa min ciwon. Yau zan saurara."

"Sunansa sarkoyidosis. Ni ma sai da na yi mako ina koyon faɗa. Garkuwar jiki ce ke ruɗewa, ta riƙa tara wasu ƙananan ƙulle-ƙulle a cikin jiki. Yawanci huhu yake kamawa, ni kuwa nawa da ya tashi sai ya zaɓi tumbi. Bangon ya yi kauri, mafitar abinci ta ƙuntace."

"Shi ya sa..."

"Shi ya sa cokali bakwai. An ce olsa ce, an ce tarin fuka ne ya sauka ciki, har ciwon daji aka yi zato. Sai da aka zura min bututu mai kyamara ta baki, aka gutsuro ɗan nama aka auna."

"Ana warkewa?"

"Yana lafawa, yana iya dawowa. Ba a ɗauka, kada ki ji tsoro. Yanzu an rage min magani. Sau shida nake cin abinci a rana, kaɗan-kaɗan kamar kyanwa."

Ta yi dariya cikin kuka. "Na ga kumatunka na ce wata ce ke ciyar da kai."

"Wata ce mana. 'Yar fara, ƙarama, ana haɗiye ta da ruwa bayan karin kumallo."

"Ka yafe min..."

"Ni ma da laifina. Da na faɗa miki tun ranar da wandon ya yi min yawa, da ba a kai nan ba. Na ji an sa miki rana."

"Na warware ta."

"Yaushe?"

"Yanzu, a kan hanyata ta zuwa."

Ya dube ta, duban da ta yi shekaru tana gudu.

"Telata..."

"Na'am, masoyina."

Baba ya saurari komai, ya karanta wasiƙar sau biyu. Ya aika aka kira ɗan ɗan'uwansa, ya faɗa masa maganar da ba a maimaitawa, aka fasa auren. Amma da Auta ta kawo zancen Mai Agogo, sai tsohon ya girgiza kai.

"An zalunce shi, na yarda. Sai dai dokar mahaifiyata ce. Maza biyu aka sallama a kanta, ban isa in karya ta a kan na uku ba. Wanda bai cinye ba, ba a ba shi."

"Baba, ka ba shi dama ya sake zama."

"Ya sake kunyata? Kin ce cikinsa ba ya ɗauka."

"Kaka ta ce a cinye faranti. Ta taɓa faɗar yawan abin da za a zuba?"

Baba ya yi ta lissafin mazan da suka gabata, ɗaya bayan ɗaya, bai sami inda aka taɓa auna abincin ba.

"Ba ta faɗa ba," ya ce a ƙarshe.

Ranar da aka sa, Auta ta shiga kicin ɗin Inna, ta dafa irin abin da Inna ta dafa, ta bar shi ya yi laushi sosai. Ta ɗauko farantin mai shuɗin baki, ta zuba cokali biyar a tsakiyarsa, da 'yar tsoka guda. Wannan karon ba ta tsaya a bayan labule ba. Da hannunta ta ajiye masa.

Ya ci a hankali.

Huɗu...

Biyar.

Ya ɗauki ƙwayar shinkafar da ta maƙale a gefe ya sa a baki, ya ajiye cokali. Baba ya dubi farantin, sannan ya dubi ƙofar kicin, inda babu wanda zai fito da jiƙaƙƙen hannu. Hawaye ya gangaro cikin gemunsa.

"Na ba ka," ya ce. "Da ma tana nan ta gani."

Aka ɗaura aure bayan wata biyu, ba tare da wani taro mai yawa ba.

Idan aka zauna lissafi, ga yadda abin ya tsaya. An rasa shekara uku da wata huɗu, ba kuwa za su dawo ba. An rasa zumuncin gida biyu, don har yau baffan Auta ba ya taka gidan ɗan'uwansa. An samu miji mai haƙuri, an samu sunan ciwon da ya raba su, wanda ya dawo sau ɗaya bayan auren, suka yi jinyarsa tare. An riƙe dokar Kaka ba a karya ba, sai dai tun daga Mai Agogo akan tambayi baƙo lafiyarsa kafin a zuba masa. An riƙe farantin. An riƙe littafin awo, da shafin nan mai talatin da huɗu a sama, ashirin da tara a ƙasa, tawadar ta baje inda hawaye ya ɗiga.

Wasiƙar ma tana nan a aljihun keken ɗinki, a buɗe. Baba ya karanta, dangi sun karanta, Auta ta haddace ta. Wadda aka rubuta wa ce kaɗai ba ta karanta ba.